Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Me Zai Hana Mu Zagaya da Baƙi Daura a Kan Keke?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin hoton nan. Mutum ya tsaya a ƙofar rijiyar Kusugu, ya gyara hula ko gyale, an ɗauke shi, ya rubuta a ƙasa cewa yau ga shi a tushen Hausa. Masu yabawa su yaba, masu tsokaci su yi. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne abin da ke biyo baya: baƙon ya koma mota, direba ya tayar, kafin la'asar sun kama hanyar Katsina ko Kano. Bai shiga lungu ko ɗaya ba, bai zauna da dattijo ko ɗaya ba, ko ƙosan garin bai ɗanɗana ba. In ka tambaye shi me ya gani a Daura, sai ya ce maka rijiya.

To mu fa 'yan gari, me muka samu? Ɗan abin da aka miƙa wa masu kula da rijiyar, sai ƙurar mota. Garin da kowane yaron firamare a ƙasar Hausa ya san sunansa, amma baƙonsa ba ya cika awa biyu a ciki.

Akwai wata sana'a da matasa ke yi a biranen duniya wadda za ta iya sauya wannan, kuma ba ta buƙatar miliyoyi. Sana'ar zagayawa da baƙi cikin gari a kan keke, ɗan gari na gaba yana ba su labari. Ra'ayina shi ne Daura ta dace da wannan sana'a fiye da garuruwa da yawa. Amma fa sai mun gane tun farko cewa abin da baƙo zai biya kuɗi dominsa shi ne abin da ke kan jagoran. Keke ɗan aike ne kawai.

Yadda abin yake a wasu wurare

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Baƙi shida, takwas ko goma su taru a wuri ɗaya da safe. A ba kowa keke daidai tsayinsa, da hular kwano, da ruwa. Jagora ya shige gaba, wani ya tsaya a baya da famfo da kayan faci saboda ko taya za ta sace. A tafi a hankali, a tsaya a wuraren da aka tsara, jagora ya yi bayani, a yi tambayoyi, a ci wani abu a hanya, bayan awa biyu ko uku a dawo inda aka tashi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Soweto ta Afirka ta Kudu, wani matashi ɗan unguwar mai suna Lebo Malepa ya lura cewa masu yawon buɗe ido na zuwa ne a manyan motoci, su leƙa mutane ta gilashi kamar masu kallon gidan namun daji, su wuce. Sai ya buɗe masauki a gidansu, ya fara ɗora baƙi a kan kekuna yana shiga da su unguwa. Suna bi ta titin Vilakazi, inda Nelson Mandela da Desmond Tutu suka taɓa zama, su je wurin tunawa da Hector Pieterson, yaron da aka harbe a boren ɗalibai na 16 ga Yunin 1976. Malepa ya rasu a 2021, amma yawon keken Soweto ya riga ya zama abin da aka san unguwar da shi, kuma 'ya'yan unguwar ne jagorori.

A birnin Marrakesh na Maroko akwai wata ƙungiya mai suna Pikala, wadda wata 'yar ƙasar Holan, Cantal Bakker, ta assasa. Suna koya wa matasan birnin gyaran keke da aikin jagora, suna kuma koya wa mata tuƙi. Kuɗin da baƙi ke biya na zagaye yana taimakawa wajen riƙe aikin.

Darasin da ke cikin misalan biyu ɗaya ne. Baƙon da ke cikin mota kallon gari yake yi. Wanda ke kan keke kuwa yana cikin garin: yana jin ƙamshin waina, yana amsa gaisuwa, yana iya taka birki ya sayi abin da ya gani.

Me ya sa keke, me ya sa Daura?

Na farko, ƙasar a shimfiɗe take. Babu hawa da gangarar da za su sa wanda ya daɗe bai taka feda ba ya yi haki har ya yi fushi.

Na biyu, girman garin ya yi daidai. Mai tafiya a ƙafa yana cin kimanin kilomita 5 a awa, mai keke da ke tafiyar nishaɗi kuwa yana cin 12 zuwa 15. Ke nan abin da zai gajiyar da mai ƙafa a wuni, mai keke zai gama shi kafin hantsi. Mota kuma ta fi ƙarfin lungunan tsohon gari. Babur na shiga, amma ƙararsa ba ta barin a ji magana, kuma baƙon da ke bayan ɗan acaɓa hankalinsa na kan kada ya faɗo.

Na uku, keke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tambayi babanka ko kawunka labarin Raleigh da Phoenix, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Akwai lokacin da kamfanin Raleigh ke da masana'anta a Kano, kuma a lokacin saurayin da ya sayi sabon keke ya ƙawata shi da madubi da ƙararrawa, to ya kai wani matsayi. Hayar keke ma tsohuwar sana'a ce a garuruwanmu. Da yawanmu a keken haya muka koya, muka sha faɗuwa, muka sha faɗan mai keke in an wuce lokaci. Masu gyara da masu faci suna nan a bakin titi har gobe. Wato rabin kayan aikin yana ƙasa, ba sai an yo odarsa ba.

Na huɗu, tsadar mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin hawa abin hawa ya koma. Mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Sana'ar da ba ta shan ko lita ɗaya, a wannan zamani, ai abin dubawa ce.

Hanyar da za a bi da baƙo

Bari mu zana zagaye ɗaya na cikin gari, mu gani ko akwai abin da zai cika awa uku.

A tashi da sassafe daga filin Kangiwa da ke ƙofar fada. A nan jagora zai fara da masarautar kanta. Daura ɗaya ce daga masarautu biyu na Jihar Katsina, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Mai Martaba Alhaji Faruk Umar Faruk ya hau gadon sarauta a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya yi mulki daga 1966. Kafin shi kuma Sarki Abdurrahman ne, daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 cur. Ka ga sarakuna uku kacal a cikin fiye da shekara ɗari. Wannan kaɗai ya isa baƙo ya buɗe baki. A nan ne kuma za a ba shi labarin Hawan Magajiya da ake yi lokacin Sallah, da bikin Sallar Gani na watan Maulidi, don ya san lokacin da ya kamata ya dawo.

Daga nan sai Kusugu. Labarin kowa ya san shi, amma bayar da shi a bakin rijiyar daban ne. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya yada zango a Borno, ya auri 'yar sarki. Ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja inda ta haifi Biram. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya je ya sare kan macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida da Biram su ne Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. A jefa guga, a ba baƙo ruwan ya sha.

Inda baƙon mota ke juyawa ke nan. Baƙon keke kuwa yanzu ya fara. Sai a kutsa da shi unguwannin tsohon gari, irin su Sarkin Yara da Ubandawaki, jagora na fassara masa cewa waɗannan sunayen sarautu ne, yana faɗa masa aikin kowace sarauta. A nuna masa abin da ya rage na ginin ƙasa da zanen bango da zankwaye, a bayyana masa me ya sa zaure yake a gaban gida. A bi ta Ƙofar Baru da Ƙofar Arewa, a yi masa bayanin yadda garuruwan Hausa ke da ganuwa da ƙofofi, da dalilin da ya sa sunan ƙofa ke wanzuwa ko da ginin ya tafi. A tsaya wurin maƙeri ko baduku da aka riga aka yi magana da shi. A karya da koko da ƙosai ko waina a wurin mai sana'ar da ta san da zuwan baƙin. A rufe da fura da nono a gindin bishiya.

Akwai kuma Daurar yau. Da yawan baƙi za su tambayi labarin tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a garin a 1942, ya rasu a Landan a ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana biyu. Jagora zai iya ba da wannan tarihi, amma ya tuna gidan na iyali ne, ba wurin da za a tara kekuna ana ɗaukar bidiyo ba.

Ga masu ƙarfin gwiwa kuma akwai dogon zango. A je Tsohon Birni, inda tarihin baka ya ce nan sarauniyoyin farko suka zauna tun daga Kufuru, kafin Daurama ta dawo da fada inda garin yake yanzu. Ko a nufi gabas zuwa Zango, wadda ke da nata babin: lokacin da Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fice, zuriyarsa ta kafa Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram, har sai da Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura a farkon shekarun 1900. Ko kuma ranar Lahadi a nufi Mai'adua, a ga kasuwar dabbobin da ke haɗa fataken Najeriya da na Nijar. Wannan ba na kowa da kowa ba ne, sai wanda ya saba da keke.

Yanzu ƙirga hannuwan da kuɗin baƙon ya ratsa a safiya ɗaya: jagora, mai tsaron baya, mai hayar keke, mai gyara, masu kula da rijiya, mai ƙosai, mai fura, maƙeri, baduku. In har zagayen ya sa ya kwana, ga mai masauki da mai tsire. Kwatanta da baƙon da ya ɗauki hoto ya wuce.

Jagora shi ne jarin

A nan ne maganar take. Keke kowa na iya saye. Amma mu yi wa kanmu adalci: cikinmu mutum nawa ne zai iya tsayawa gaban baƙi goma ya yi minti goma yana bayanin Daura ba tare da ya fara kame-kame ba? Da yawanmu mun fi sanin 'yan wasan Arsenal da na Barcelona a kan sarakunan garinmu.

Kuma haddace labarin Bayajidda kaɗai bai isa ba. Wata rana cikin baƙin za a samu ɗalibin tarihi da zai ɗaga hannu ya ce: in Bayajidda ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da mutane masu harshensu, ta yaya za a ce shi ne asalin Hausawa? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma masana irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa Hausawa da garuruwansu sun girmi wannan labari. Wasu na kallonsa a matsayin bayanin yadda sarauta ta koma daga hannun mata zuwa maza, wasu kuma a matsayin hanyar ƙulla zumunci tsakanin manyan masarautu. Jagoran kirki ba zai fusata ba, ba kuma zai yi wa labarin kakanninsa dariya don ya burge baƙo ba. Zai ce ga abin da tarihin baka ya riƙe, ga abin da masu bincike suka ce, ya bar baƙo ya auna. Mu da ke karatun aikin jarida kullum abin da ake nanata mana ke nan: ka raba abin da ka tabbatar da abin da aka ce.

Ga wani wurin da ake buƙatar hikima. Labarin yana da ɓangare na biyu, na Karɓagari ɗan Bagwariya, wanda aka ce daga gare shi aka samu ƙasashen da ake kira Banza Bakwai, cikinsu har da Kabi, Zamfara, Nupe, Gwari da Yarabawa. To ka ɗauka cikin baƙinka akwai Banufe ko Bayarabe ɗan hidimar ƙasa. In ka jefa masa kalmar haka kawai, ka ɓata masa safiya. Sai ka san yadda za ka bayyana cewa suna ne da tsohon labari ya zo da shi, ba hukunci ne a kan kowa ba. Irin wannan ba a koyonsa a Google.

A ina za a koya? Wurin dattawa da masu riƙe da sarautu, tun suna nan. A littattafai, irin su *The Affairs of Daura* na M. G. Smith da ya fito a 1978, wanda ya bi diddigin tsarin sarautar Daura da Zango da Baure. A Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Wurin malaman Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke nan Daura. Sannan harshe: Hausa mai daɗin saurare ga baƙin gida da na Nijar, da Turanci mai fita ga wanda ba ya jin Hausa. Wanda ya ɗan iya Faransanci kuwa ya ƙara wa kansa daraja.

Su wa za su biya?

Na san abin da wani ke cewa a ransa: Turawa nawa ke zuwa Daura? Ai ba da su za a fara ba. Kasuwar farko tana cikin gari. Akwai 'yan hidimar ƙasa da ake turowa duk shekara daga Kudu, su yi wata da watanni ba su san komai ba sai hanyar masaukinsu da wurin aiki. Akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Sufuri ta Tarayya, waɗanda da yawansu ba 'yan garin ba ne. Akwai ma'aikatan da aka yo wa canjin wurin aiki. Akwai makarantun sakandare da ke kawo yara ziyarar ilimi. Akwai 'ya'yan Daurawa mazauna Abuja da Kaduna da Legas da ke zuwa hutun Sallah ba su san garin iyayensu ba. Akwai kuma masu haɗa bidiyo na soshiyal midiya, waɗanda kullum cikin neman sabon abin nunawa suke.

Nan gaba kuma akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Daura zai bi. Ranar da jirgin ya fara sauke fasinja, wa zai tare su? In ba mu shirya ba, wani kamfani daga wani gari zai zo da motocinsa da jagororinsa, ya ba da labarin garinmu yadda ya ga dama, mu kuma muna gefe muna kallo.

Sha'awar al'adun nan kuma ba raguwa take yi ba. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta, a soshiyal midiya matasa suka fara ta a 2015, ga shi yau ta zama babban biki.

Ƙalubalen da ba za a ɓoye ba

Zafi. Daga Maris zuwa Mayu rana kan haura digiri 40. Wanda ya fito da baƙi da azahar a wannan lokaci neman magana yake. Lokacin sana'ar shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai safiyoyin damina in gari ya yi luf. Ko a lokacin ma a fita da wuri, a dawo kafin rana ta take. In hazo ya yi yawa a tanadi takunkumi.

Yashi da ƙaya. Da an sauka daga kwalta, rairayi na iya riƙe taya, ƙaya kuma ba ta da sabo. Dole jagora ya bi hanyar da kansa sau da yawa kafin ya ɗora kowa a kai.

Titi. Babu layin keke a garuruwanmu, kuma wasu direbobin ba sa ɗaukar mai keke a bakin komai. A 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ke ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, mota ta ture shi a Abuja yana kan kekensa. In minista bai tsira ba, ina ga baƙonka? Don haka a guji manyan tituna iya yiwuwa, a jera ɗaya bayan ɗaya, a duba birkin kowane keke kafin a tashi, a sa hular kwano, a kuma nemi shawarar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Tsaro. Sunan Katsina kaɗai na sa wasu baƙi su ja baya, duk da cewa yankin Daura ya fi ƙananan hukumomin yamma da kudancin jihar kwanciyar hankali. Amma kada mu yi wa kowa alƙawarin da ba namu ba. A 2019 an sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi. Saboda haka dogon zango sai da rana, sai da sanin jami'an tsaro da masu unguwanni, kuma kada a wallafa hanya da lokaci a fili kafin a fita. Maganar tsallaka iyaka ta Kwangwalam kuwa a ajiye ta gefe, ba hurumin yawon keke ba ne.

Mata. Garin da tarihinsa ya fara da sarauniyoyi bai kamata ya shirya yawon da babu mata a ciki ba. Wasu iyalai ba za su so ganin 'yarsu a kan keke cikin maza ba, kuma wannan ba abin faɗa ba ne, abin tsari ne. A ware rukunin mata da jagora mace, a samo kekunan mata marasa ƙarfen tsakiya da suka dace da doguwar riga, a kuma tanadi adaidaita sahu da zai bi baya don wadda ba ta iya ba ko ta gaji. Jagora mace ma tana da abin da namiji ba shi da shi: tana iya shiga da baƙi mata cikin gida su ga yadda ake dakan fura da saƙa da kitso, inda aka rubuta wa namiji ba shiga.

Izini da ladabi. Fada ba wurin da za a faɗa da kekuna ba ne babu sallama. A nemi izinin masarauta ta hannun wanda ya dace, a sanar da masu unguwanni. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, musamman mata da yara da almajirai. Talaucin wani ba kayan ado ba ne na shafinka. Lokacin salla kuma a tsaya.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya: girman kai. A wurin da yawanmu, ganin mai digiri a kan keke alamar karaya ce. Za a yi maka dariya a majalisa, za a ce boko bai yi rana ba. Amma a Holan har firaminista an sha gani yana zuwa ofis a keke. Kuma tsakanin wanda ake yi wa dariya yana da abin sawa a aljihu, da mai dariyar da ke jiran a tura masa kuɗin data, wa ya fi?

Ta ina za a fara?

Ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ba. Abokai uku ko huɗu sun isa. Ɗaya ya ɗauki nauyin tarihi, ya yi wata guda yana zama da dattawa yana rubutawa. Ɗaya ya daidaita da mai hayar keke da mai gyara, ba sai an sayi ko ɗaya ba a farko. Ɗaya ya riƙe waya: hoto, bidiyo, amsa saƙonni a WhatsApp. A zana hanya ɗaya tak, a bi ta sau biyar, a auna lokacin kowane wurin tsayawa. A gwada da abokai kyauta, a roƙe su su faɗi inda suka gaji da inda suka ji daɗi. Daga nan a gayyaci 'yan hidimar ƙasa, a sa farashin da ɗalibi zai iya biya, a faɗe shi a fili tun kafin a hau, a kuma ware kason masu sana'ar da ake tsayawa wurinsu. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya, dama ce ta tallata abin da ɗan gajeren zagayen safe.

Kuma wannan ba na Daura kaɗai ba ne. Ɗan Katsina yana da hasumiyar Gobarau da ƙofofin birni, ɗan Kano yana da Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ɗan Zariya yana da ganuwa da tsohon masallacin Juma'a. Kowa ya duba garinsu.

Kafin nan ga ɗan gwaji. A wannan makon, ari keke, ka ɗauki abokinka da ba ɗan garinku ba, ka zagaya da shi na awa ɗaya. Duk tambayar da ya yi maka ka kasa amsawa, rubuta ta, ka kai wa dattijon unguwarku. In ka cika shafi biyu da amsoshi, to ka riga ka fara sana'ar.